Safiyar da Doguwar Mota Ta Zo Ɗaukata Ni Kaɗai

Ko da tsufa zai sa in manta sunayen jikokina, ba zan taɓa mantawa da safiyar da aka turo doguwar mota sabuwa fil ƙauyenmu don ta kwashi ma'aikata ba. Har yau idan abin ya faɗo mini sai in ji kunnuwana sun ɗauki zafi, ko da a sahun salla nake (Allah Ya yafe mini).

Bari in fara faɗa muku irin mutumin da nake, don kada ku ɗauka mugunta ce ta sa. Ni mai wasiwasi ne. Idan na kulle ƙofa sai na dawo na ja kwaɗon na ji. Idan na gama alwala sai in tsaya ina tambayar kaina ko na shafi kunnen hagu. A wani kamfanin roba da ke Sharada nake aiki, kuma aikina duba buta: a ƙera a turo mini, in cika ta da ruwa, in ɗaga sama in ga ko tana yoyo. Manajanmu ya taɓa cewa da babu wannan aikin a duniya da sai an ƙirƙiro shi saboda ni. Na dawo gida ina murna, sai matata Sa'ade ta ce in zauna in sake auna maganar.

Ƙauyenmu Unguwar Kanya, can bayan Challawa yake, inda kwalta ta ƙare. Gidaje 'yan kaɗan ne, kusan kowa manomi, awaki sun fi mutane yawa, sun kuma fi su surutu.

A lokacin, zuwa aiki ya zama wahala ga kowa. Da safe a yi ta kokawar shiga adaidaita, wanda bai samu ba ya taka da ƙafa, ya iso an rufe get. Sai masu kamfanonin Sharada da Challawa da Bompai suka haɗa kai suka ce za su sayo motoci na ma'aikata. Motocin ba yawa, don haka dole a san inda jama'a suka fi fitowa kafin a ce ga hanyar da kowace za ta bi. Suka ɗauko wata mata masaniyar tsarin sufuri, ana ce mata Injiniya Hadiza, ita kuma ta zo da ɗalibanta 'yan jami'a, sanye da riga mai ƙyalli irin ta masu gyaran titi. Aka baza su bakin get-get, kowa da waya a hannu, suna tare ma'aikata suna yi musu tambayoyi.

Ni wata yarinya ce ta fara tare ni, 'yar siririya mai tabarau.

"Baba, sannu da aiki. Daga ina kake tahowa?"

"Unguwar Kanya. Ba za ki rubuta sunana ba?"

"Ba ma ɗaukar suna, Baba. Me kake hawa zuwa aiki?"

Nan fa aka zo wurin. Na ce mata ya danganta. Wata rana maƙwabcina Malam Isa mai kayan miya ya ɗauko ni a babur zuwa bakin titi. Wata rana in tako da ƙafa har inda adaidaita ke juyawa. Idan an yi ruwa akwai wata motar yashi da direbanta ke tausaya mini. Na fara ba ta labarin ranar da na hau amalanke, sai ta katse ni.

"Baba, wanda ka fi hawa kawai."

Mutane na bayana suna tsaki, na rikice na ce, "Adaidaita."

Tun kafin in kai gida abin ya fara cina. Da na zauna na duba da kyau, ai baburin Malam Isa na fi hawa. Ke nan na yi wa 'yar mutane ƙarya, ta kuma dannata a waya, wayar za ta kai wa Injiniya, Injiniya ta kai wa masu kamfani, ƙaryata ta yi ta tafiya har Allah kaɗai Ya san inda za ta tsaya. Ranar ko tuwo ban ci na kirki ba. Sa'ade ta ce, "Malam, wa ya mutu?" Na ce ba kowa. Ta ce, "To miƙo kwanon idan ba ka ci."

Washegari na zo da niyyar gyarawa, sai na tarar an canza ɗaliban. Ashe haka suke yi, yau suna Sharada, gobe Bompai, jibi Challawa. Wani saurayi ne a get ɗinmu, mai ɗan gemu kamar na bunsuru. Har na buɗe baki zan ce masa jiya an tambaye ni na ba da amsa ba daidai ba, sai wani tunanin ya zo mini. Idan na faɗi haka, za a ce yarinyar nan mai tabarau ba ta iya aikinta ba. Watakila a yi mata faɗa a gaban 'yan uwanta. Watakila a kayar da ita jarrabawa, ubanta ya sayar da gona ya kai ta makaranta, ni kuma in zama sanadi. Ina! Sai kawai na tsaya kamar sabon mutum, ya tambaye ni daga farko, na ce Unguwar Kanya, na ce babur. Na shiga aiki zuciyata fes.

Kafin azahar na tuna na ce masa da an idar da sallar asuba nake fitowa, alhali sai na sha koko. Ai akwai tazara tsakanin sallama da koko, musamman idan Sa'ade ta tashi da ƙunci.

Kun dai gane inda abin ya dosa. Kullum sai na tuna wani abu da ban faɗa daidai ba, kullum kuma sai na tarar da sabuwar fuska a get. Na gyara maganar koko. Na gyara inda nake sauka, domin wani lokaci a kwanar gidan mai ne, wani lokaci gaba kaɗan. Ranar da aka aike ni sitonmu na Bompai da lodin butoci, na ga masu rigar ƙyalli a can, aka tambaye ni ina na nufa, na ce Bompai, don a wannan rana gaskiyar ke nan. Ranar da na biya wajen surukina da ke aiki a majemar fata a Challawa, nan ma na faɗi gaskiyar ranar. Abu ɗaya ne bai taɓa canzawa ba a duk amsoshina: Unguwar Kanya. (Wannan kam ko ni ban yi wasiwasi a kansa ba.)

Da ɗaliban suka tattara suka tafi, na ji kamar an sauke mini buhun siminti daga ka. Na ce wa kaina yanzu gaskiya ta cika, ba a bar ko ɓurɓushinta a baya ba.

Bayan wasu makonni aka tara mu a ɗakin cin abinci. Aka haska taswirar Kano a bango, da layuka ja-ja sun fito daga unguwanni sun nufo kamfanoni, wasu sirara kamar zare, wasu masu kauri. Injiniya Hadiza ta tsaya da sanda a hannu tana bayani.

"Ba kowa muka tambaya ba," in ji ta. "Mai dafa miya ba ta shanye tukunya don ta san ko gishiri ya ji, ludayi ɗaya take ɗiba. Haka mu ma. Duk mutum ɗaya da ya amsa mana, mun ɗauke shi a madadin wasu da yawa irinsa da ba mu samu tarewa ba. Na'ura ta ninka, ta nuna mana inda buƙata take."

Sai ta ɗora sandar a kan wani layi mai kauri kamar igiyar ɗaure sa, wanda ya fito daga can ƙasan taswira ya rabu uku.

"Wannan ya ba mu mamaki. Unguwar Kanya. Mutanenta suna aiki a Sharada, suna Challawa, har Bompai suna zuwa, suna kuma shan wahala, wasu a babur, wasu a ƙafa, har da masu hawa motar yashi. Babbar motar can za ta fara zuwa."

Karatuna bai wuce firamare ba, amma ba sai an kai ni jami'a ba kafin in gane cewa ni ne gishirin da ya dunƙule wuri ɗaya, ludayin ya yi ta faɗawa a kansa.

Sai Iya Talatu ta miƙe. Ita ce shugabar matan da ke ɗaure kaya a kamfaninmu, dattijuwa mai baki kamar reza. Ita da matan sashenta a bayan layin dogo suke, unguwa ce cunkus, kuma da ƙafa suke zuwa kullum.

"Injiniya, mu fa? Ƙafafunmu sun yi kaushi har sun fara cin takalmi."

"Iya, layinku siriri ne. Mutum kaɗan ne suka amsa daga wajenku."

"Yo wa ke da lokacin tsayawa hira da yara a bakin get, tukunya na jira a gida? Mu da an tashi gudu muke yi. Ku zo ku ga unguwar da idonku mana!"

Manaja ya ce ta yi haƙuri, ilimi ne ya yi magana, idan an ƙaro motoci za a duba su. Sannan ya waiga ya ce, "Wa ke nan daga Unguwar Kanya?"

Na ɗaga hannu. Niyyata in yi magana, Allah shaida. Amma aka ɗauki tafi, manaja ya ce, "Mai buta, ashe kuna da yawa haka kuka ɓoye mana!" Na duba na ga idon Iya Talatu a kaina, na ga na Injiniya, na tuna yarinya mai tabarau da gonar ubanta. Abin da ya fito daga bakina shi ne, "Alhamdu lillahi." (Na zaɓe shi ne don ba ƙarya ba ne, ba kuma amsa ba ne.)

Daga ranar na rasa sukuni. Mata masu jikoki za su ci gaba da taka ƙasa saboda ni. Na je ofishin manaja don in warware, ya ɗago kai ya ce, "Lafiya?" Sai na ji kaina ina ce masa butocin da aka ƙera jiya bakinsu ya ɗan karkace. Ya yi mini godiya, na fito.

Sai na fara yi wa kaina ta'aziyya da cewa watakila da gaske akwai 'yan ƙauyenmu da ke aiki a kamfanoni ban sani ba. Na bi gida-gida ina tambaya. Mutum ɗaya na samu, Baba Ɗanjuma, wanda ya yi gadi a Bompai tun ina goye. Ya ce idan motar kyauta ce zai so ya je ya ga ko bishiyar da yake zama a ƙarƙashinta tana nan.

Sa'ade da ta gaji da ganina ina zagaye tsakar gida, na faɗa mata komai. Ta yi dariya har ta zauna a turmi. Da ta share hawaye ta ce, "To ai da sauƙi. Ka kwashi ƙannena da 'ya'yan yayanka, su sa riguna masu kyau su cika motar. In sun isa Sharada su sha shayi su dawo."

Na ce, "Sa'ade, ai wannan yaudara ce."

Ta ce, "Au, ita wadda ka yi sadaka ce?"

Sai na fita duba awaki.

Ranar da za a ƙaddamar da motar, gari na wayewa na fito bakin kanyar da ke shigowa ƙauye, ina addu'ar Allah Ya sa taya ta fashe a hanya (ba tare da kowa ya ji rauni ba). Sai na tarar duk garin ya riga ni. Labari ya bazu cewa gwamnati ko kamfani ko wani dai ya tuna da mu. Mai unguwa ya sa babbar rigarsa ta salla, maza sun yi layi, mata sun leƙo ta kan katanga, liman ya zo da carbinsa.

Can sai ga ta, fara ƙal, kujeru ko ledarsu ba a cire ba. A gaba Injiniya Hadiza ce da manajanmu. A baya ɗalibanta, an ɗauko su don su ga amfanin aikinsu.

Injiniya ta sauko ta ga taron, fuskarta ta washe. Ta juya ta ce wa manaja, "Ka gani ko? Lissafi ba ya ƙarya. Ina ma tsoron motar ba za ta ishe su ba."

Mai unguwa ya yi jawabi, ya ce tun kakanninsa ba a taɓa yi wa garin nan gata irin wannan ba. Liman ya yi addu'a mai tsawo, har ya haɗa da injin motar. Aka shafa. Direba ya buɗe ƙofa ya ce, "Bismillah, a shigo a hankali, ban da turereniya, kowa zai samu wuri."

Ba wanda ya motsa.

Na ja ƙafa na hau, da 'yar ledar abincina a hannu. Na zauna a kujera ta biyu na sunkuyar da kai. Direba ya sake cewa, "Jama'a, lokaci fa." Jama'a suka ɗaga hannu suna yi mini bankwana. Wata tsohuwa ta rangaɗa guɗa. Baba Ɗanjuma ya sa ƙafa ɗaya a matakala, ya tambaya ko za a dawo da shi kafin hantsi, aka ce sai yamma, ya janye ƙafarsa.

Injiniya ta ce, "Ranka ya daɗe, ina ma'aikatan?"

Mai unguwa ya nuna ni ta taga da alfahari. "Ga shi nan. Ɗanmu ne, yaron kirki, ba ya fashin aiki."

"Sauran fa?"

"Wane saura? Mu nan gero muke nomawa."

Sai na ji murya daga bayan motar, ta yarinya mai tabarau.

"Laa! Ai na san Baban nan. Ni na tambaye shi, shi ne mai adaidaita."

Mai gemun bunsuru ya ce, "A'a, babur yake hawa. Ni na tambaye shi."

Wani ya ce, "Ba shi ne na Bompai ba? Mai lodin butoci?"

"Ni a Challawa na gan shi, da malafa."

"Ni kuwa shi ne ya ce mini sai ya sha koko!"

Injiniya ta hawo a hankali ta tsaya a kaina. Ba ta ɗaga murya ba, da ta ɗaga ma da ya fi mini sauƙi. Ta ce wa ɗaliban, "Duk wanda ya taɓa yi wa bawan Allahn nan tambaya ya ɗaga hannu." Ban waiga ba, amma a madubin direba na hango hannuwa sun tashi kamar karan dawa a gona. Har da wani da ya ɗaga biyu.

"Malam," in ji ta, "me muka yi maka?"

Na ce, "Hajiya, gyara nake yi. Amsar farko ba ta cika daidai ba."

"To me ya hana ka ce an riga an tambaye ka?"

Na nuna mai tabarau na ce, "Kada a kayar da ita jarrabawa."

Yarinyar ta ce, "Baba, ai ba jarrabawa ba ce."

Manaja ya kifa kansa a jikin kujera, kafaɗunsa suna rawa. Direba ya ce, "To yanzu in tafi ne ko in jira sauran shi su fito?"

Haka muka kama hanya, ni kaɗai ne fasinja, mutanen ƙauye suna bin mu da tafi. Ban taɓa sanin kujera mai laushi tana iya zama kamar garwashi ba sai ranar. Na yi ta fatan a bi wata hanyar, amma titin Sharada ɗaya ne daga wajenmu, kuma ta bakin layin dogo yake wucewa. Muna isa sai ga su, mata a jere gefen titi suna sauri, mayafai na kaɗawa, Iya Talatu a gaba da takalminta ɗaya a hannu, maɗaurinsa ya tsinke.

Injiniya ta ce, "Direba, tsaya."

Kafin ka ce me, motar ta cika maƙil, wasu a tsaye, wasu ma ba su samu shiga ba. Injiniya ta tsaya a bakin ƙofa tana kallonsu. Iya Talatu ta zauna kusa da ni, ta waiga gaba da baya, ta ce, "Mai buta, ina mutanen garin naku masu kauri a bango?"

Mai gemun bunsuru, Allah Ya saka masa, ya ba ta labari tun daga adaidaita har koko.

Iya Talatu ta dube ni tun daga hula har silifa. Sannan ta ɗaga murya yadda na bayan mota za su ji. "Ku gaishe su, 'yan uwa! Ashe tun ɗazu da al'umma guda nake zaune. Sannunku da zuwa, Unguwar Kanya! Ya kuka baro sauran ku? Ku ɗan matsa mana, kun cika kujerar!"

Aka yi ta dariya har get. Wata ta ce a ba ni abinci kwano goma tunda mu da yawa ne. Mai gadi ma da ya buɗe mana, kafin azahar labari ya kai masa, da na zo fita ya ce in shiga layi ɗaya bayan ɗaya.

Injiniya dai ba ta tsaya jiran komai ba. A satin ta sake turo ɗalibanta, amma wannan karon cikin unguwanni, da yamma, lokacin da mata suka sauke tukunya. Tambayar farko da aka koya musu kuwa ita ce, "An taɓa tambayarka?" Aka sake zana taswira, aka mayar da babbar motar bayan layin dogo, inda ya kamata ta je tun farko. Iya Talatu ta samu kujerar gaba, ta kuma riƙe ta kamar gadon ubanta.

Ni kuwa na koma baburin Malam Isa. Mai unguwa ya daɗe ba ya amsa gaisuwata da kyau, wai na kawo wa gari mota na kuma kore ta a sati ɗaya. Idan na sauka a bakin layin dogo na shiga motar tare da matan, har yau sai wata ta ce, "A buɗe ƙofa da kyau, jama'a za su shigo."

Abin da na koya dai shi ne, gaskiya idan ka faɗe ta sau ɗaya, ko da ɗan karkace, ka bar ta ta tafi haka nan, masu ilimi sun san yadda za su yi da ita. Idan ka bi ta kana gyarawa kullum, sai ta hayayyafa ta zama gari guda, a turo mata mota.